Sun Koyi Hausa, Mu Ko Gaisuwar Jamusanci Ba Mu Iya Ba

Mun tashi a bakin ruwan Yelwa muna ganin iyayenmu, da an idar da sallar magariba, kowa ya jawo rediyonsa ya kamo Jamus. Masunci yana ɗinkin koma yana saurare, mai albasa yana lissafin buhuna yana saurare. Tun 1963 gidan rediyon Deutsche Welle yake magana da mu da Hausa, yau shekara sittin da ɗoriya ke nan. A tsawon wannan lokaci, mutum nawa ne daga Yauri ko Ngaski ko Shanga ya zauna a aji ya koyi ko da gaisuwa da harshen mutanen da ke aiko mana da wannan murya? Mu da muka yi digirin kimiyyar kwamfuta, shekara huɗu har da ƙarin yajin aiki, ba mu taɓa cin karo da darasin Jamusanci a takardar zaɓen kwasa-kwasai ba. Ba mu nema ba, ba a kuma ce mana akwai abin nema ba.

Abin da muke kira a yi ba shi da yawa. Jami'o'inmu, tun daga na Jihar Kebbi, su buɗe kwas na koyon harshen Jamus da al'adunsu don 'yan koyo, zango biyu, wanda ɗalibin kowace tsangaya zai iya ɗauka, kuma a riƙa yi wa ɗalibai bayani da Hausa. Mun san za a yi mana dariya, mun ma riga mun ji irin dariyar a majalisa da kuma a Facebook. To, kafin a gama dariyar, a duba lissafin da ke tsakaninmu da mutanen nan.

Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. A 1853 ya zauna a Gwandu, inda ya samu kwafin Tarikh al-Sudan ya karanta, ya wuce ta Birnin Kebbi a hanyarsa ta zuwa Tambutu. Da Hausa da Larabci yake magana da sarakuna da fatake. Da ya koma gida ya fitar da littafi mai juzu'i biyar a 1857 da 1858. Yaron da ya tafi da shi Turai, Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, shi ne ya zauna da wani Bajamushen, Schön, ya ba shi labaran da aka buga a Magana Hausa a 1885. A 1880 Eduard Flegel ya biyo Kwara ya haura har Gomba, ya zarce Sakkwato. Bayan 'yan shekaru ya tafi Berlin tare da madugai Hausawa biyu, ɗayansu Madugu Mai Gashin Baki, ya buga tarihin rayuwarsa da Jamusanci a 1885. Paul Staudinger ya zaga ƙasar Hausa ya buga littafinsa a 1889, amma sai a 1990 aka fitar da fassararsa ta Ingilishi. Shekara ɗari da ɗaya littafin da ke bayanin kasuwannin kakanninmu da fadojinsu yana kulle ga duk wanda bai iya Jamusanci ba.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne Imam Umaru. An haife shi a Kano a 1858, kuma cikin laƙabansa akwai al-Kabbawi, wato asalin gidansu Kabi ne. Ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi, garin da ya taɓa zama ƙarƙashin mulkin Jamus a Togo, yanzu kuma yana cikin Gana. A can ya riƙa rubuta wa jami'in mulkin Jamus Adam Mischlich bayanin noma da kiwo da saƙa da fatauci da tarihin ƙasar Hausa, da ajami. Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma buga rubuce-rubucen malamin tare da fassara da sharhi na Jamusanci. Tsohon garin Kete-Krachi ruwan madatsar Volta ya cinye shi a shekarun 1960, daidai lokacin da ruwan Kainji ya cinye tsohuwar Bussa da gungunanmu. Gari ya nutse, rubutun malamin ya tsira, sai dai ya tsira ne a ɗakunan karatu na Jamus, kewaye da sharhin da jikokinsa ba sa iya karantawa.

Ba su daina ba. An koyar da Hausa a jami'o'in Berlin da Hamburg da Leipzig da Frankfurt da Cologne da Bayreuth. An buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a Leipzig a 1987, Ekkehard Wolff ya fitar da babban littafin nahawun Hausa da Jamusanci a 1993. A namu ɓangaren, jami'o'in da suka yi suna da digirin Jamusanci su ne Ibadan da Ife da Nsukka, duk a kudu. Cibiyar Goethe, mai koyar da harshen da shirya jarrabawarsa, tana Legas tun 1962. Ta taɓa buɗe ƙaramin ofishi a Kano, daga baya ya rufe. Ɗan Wara da ke son rubuta jarrabawar matakin farko sai ya tanadi kuɗin mota da na masauki kafin ma a zo maganar kuɗin jarrabawa.

Kada a ce wannan duk tarihin nesa ne. Mu mutanen bakin tafki mun ga Jamusawa da idonmu. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu. A shekarun 1990 hukumar taimakon fasaha ta Jamus, wadda a lokacin ake kira GTZ, ta haɗa hannu da cibiyar binciken kifi ta New Bussa aka yi shekaru ana aikin bunƙasa sana'ar su a tafkin. An ƙidaya jirage da komaye tunga bayan tunga, an auna kifin da ake kamawa, an kawo lasisi, an yi yaƙi da tarun nan mai ƙananan idanu da masunta ke kira dala. Wasu sun yaba, wasu har yau suna ƙorafi. Rahotannin aikin da Ingilishi aka rubuta su, wannan gaskiya ne. Amma kuɗin irin waɗannan ayyuka majalisar Jamus ce ke amincewa da su, da Jamusanci ake muhawara a kansu, jaridunsu kuma da Jamusanci suke faɗa wa masu biyan haraji abin da aka yi a Afirka da kuɗinsu. Su sun san yawan jiragenmu. Mu kuwa abin da suka ga dama suka juya mana zuwa Ingilishi shi kaɗai muka sani. Haka muke da Julius Berger da ya shigo ƙasar nan tun 1965, haka muke da Siemens da gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar lantarki da shi a 2019. Kullum mu ne ake fassara wa.

Abokan sana'armu, masu rubuta manhaja, su ne suka fi kowa saurin cewa ai waya ta gama wannan aiki, ka ɗauki hoton shafi ta juya maka shi nan take. Mu da muke cin abinci da waɗannan na'urori bai kamata mu yaudari jama'a ba. Na'urar fassara daga rubutun da mutane suka riga suka fassara take koyo. Tsakanin Jamusanci da Ingilishi akwai irin wannan rubutu tuli. Tsakanin Jamusanci da Hausa kaɗan ne ƙwarai, don haka sau da yawa Ingilishi ne gadar da ma'ana ke bi, kuma a kan gadar ake zubar da kaya. Bajamushe yana bambanta *du* da yake ce wa aboki da *Sie* da yake ce wa wanda yake girmamawa, kamar yadda muke bambanta "kai" da "ku". Ingilishi kalma ɗaya gare shi. Bajamushe yana cewa *Lehrer* ga malami, *Lehrerin* ga malama. Ingilishi ya haɗe su. Sai wasiƙar girmamawa ta iso Hausa da "kai" tsirara, malama ta koma malami. Sannan tsofaffin littattafai da jaridun Jamus da yawa an buga su ne da haruffa masu lanƙwashe-lanƙwashe da ake kira Fraktur, waɗanda aka yi amfani da su har zuwa 1941, takardun ofisoshin mulkin mallaka kuma da wani salon rubutun hannu da ko Jamusawan yau sai sun koya. Mun taɓa gwada wani tsohon shafi irin wannan a waya. Abin da ya fito kalmomin Hausa ne jere da juna, amma ba mu da hanyar sanin inda ta faɗi daidai da inda ta ƙirƙira. Zanen aro ba ya rufe katara. Na'ura tana amfanar wanda ya san harshen gwargwadon da zai kama ta idan ta yi ƙarya, kuma wannan gwargwadon shi ne abin da kwas ɗin 'yan koyo yake bayarwa.

Wasu kuma sun ce Jamusanci yana da wuya, yaranmu da ko Ingilishi bai zauna musu ba ina za su kai shi. Wannan tsoro daga bakin Ingilishi muka aro shi. Abubuwan da ke ba Baturen Ingila wahala a Jamusanci, da yawansu ɗan Yauri ya taso da su. Bature yana mamakin yadda za a ce abu marar rai namiji ne ko mace. Mu kuwa tun muna goye mun san rana ta fito, wata ya tsaya. A Jamusanci ma *die Sonne* mace ce, *der Mond* namiji. Kifi namiji, *der Fisch*. Albasa mace, *die Zwiebel*. Kogi da tafki maza ne, haka *der Fluss* da *der See*. Ba kullum ake dacewa ba, shinkafa mace ce a wurinmu, *der Reis* namiji a wurinsu, kuma suna da jinsi na uku wanda ba namiji ba mace, irin *das Wasser*, wato ruwa. Amma tunanin kansa ba baƙo ba ne. Bahaushe ya san jan wasali yana canza ma'ana, kamar garin da ake zama da garin da ake tuwo. Haka *Stadt*, birni, da *Staat*, ƙasa mai gwamnati. Wanda ya yi Islamiyya ya san sautin *ch* na kalmar *Buch*, domin daidai yake da harafin kha na Larabci. Ya san a Larabci ana faɗin ɗaya kafin ashirin, to haka Bajamushe yake cewa *einundzwanzig*. Wanda ya sha fama da rafa'u da nasabu da jarru a darasin nahawu ba zai firgita ba idan aka ce masa *der* yana komawa *den* ko *dem* ko *des* gwargwadon aikin kalma a jimla. Kuma galibi yadda aka rubuta Jamusanci haka ake karanta shi, kamar bokon Hausa. Akwai wurare masu gardama, irin aikatau da ke gudu ƙarshen jimla da kalmomi masu tsawon igiyar jirgi, amma ba su fi ƙarfin wanda ya haddace izu sittin ba.

Shi ya sa muka nace a kan a yi bayani da Hausa. Idan aka koyar da Jamusanci ta Ingilishi, ɗalibi zai ɗauki kaya biyu a ka, kuma za a ɓoye masa duk waɗannan gajerun hanyoyi. Yaron da ya fito daga gidan Gungawa ko Kambari ko Shangawa ko Dukkawa ya riga ya iya harshen gida da Hausa, ya taɓa Larabci, ya taɓa Ingilishi. Koyon harshe a wurinsa al'ada ce. Makaranta ce ta koya masa cewa shi daƙiƙi ne saboda Ingilishinsa yana da lam'a.

Akwai masu cewa wannan kwas tikitin cirani ne kawai, za a koya wa matasa harshe su tsere su bar gari. Ba za mu ɓoye ba, wasu za su tafi. Tun Yunin 2024 Jamus ta buɗe wata bizar neman aiki mai tsarin maki, wadda mafi ƙarancin sharaɗinta na harshe shi ne matakin A1 na Jamusanci ko B2 na Ingilishi. Yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin karatu, in ban da wurare irin jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 a zango daga baƙi. Koyon sana'a a kamfani ana biyanka, kamar jinya ko gyaran inji, galibi yana buƙatar matakin B1. Waɗannan ƙofofi a buɗe suke, kuma ɗan Ibadan da ɗan Nsukka suna shiga. Tambayar ita ce, rashin kwas ɗin ya hana namu tafiya? Bai hana ba. Suna tafiya ta Agadas da Libiya, ba takarda ba harshe, wasu hamada ta cinye, wasu teku. Wanda zai tafi gara ya tafi da biza yana iya karanta kwantiragin da zai sa wa hannu. Mu masu aikin kwamfuta kuma mun san ba sai an tafi ba. Mutum yana zaune a Yelwa, in Allah Ya ba shi wuta da intanet, zai yi wa kamfanin waje aiki, kuma harshen da mutane kusan miliyan 95 suke ji tun daga tsatso, a Jamus da Ostiriya da Siwizalan, kasuwa ce da ba a raina ta.

Masu cewa Faransanci ya fi kusa da mu sun yi gaskiya. Jihar Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin. Amma Faransanci yana da sassa a jami'o'inmu, yana da ƙauyen koyon harshe a Badagry, kamar yadda Larabci yake da nasa na Ngala. Ba mu ce a rage masa ko kujera ɗaya ba. Masu cewa harsunanmu na gida suna mutuwa, a bar mu da wani Jamusanci, su ma damuwarsu tamu ce. Yaran Gungawa da na Shangawa da yawa sun koma Hausa zalla. Sai dai ba Jamusanci ne ya kashe su ba, sakacinmu ne. Kuma abin kunya, cikin jerin kalmomin Kambarci mafi tsufa da aka buga akwai wanda Bajamushe Sigismund Koelle ya tattara a Saliyo daga bakin bayin da aka 'yanta, ya fitar a 1854. Ɗalibin da ya ga haka a aji, in yana da zuciya, zai koma gida ya zauna da kakarsa da na'urar ɗaukar murya. Masu tsoron lalacewar tarbiyya kuwa, su tuna Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi, da aka umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa don kada a dogara da wani wajen karanta wasiƙu. Abin da ke ɓata tarbiyyar yaranmu yana shigowa ta waya dare da rana, ba ya jiran darasin nahawu.

Ɓangaren al'adu na kwas ɗin ma kada a mai da shi tallar Marsandi da ƙungiyar Bayern. A koya wa ɗalibi yadda ake gaisuwa da kiyaye lokaci da rubuta wasiƙar ofis, amma a kuma gaya masa cewa a Berlin aka zauna a 1884 da 1885 aka tsara ƙa'idojin rabon Afirka. A gaya masa sojojin Jamus sun yaƙi Fulanin Adamawa a Garwa a 1901 da Marwa a 1902, sun yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi a Namibiya daga 1904 zuwa 1908, gwamnatin Hitler kuma ta hallaka Yahudawa miliyan shida. Matasanmu da ke yabon Hitler a intanet, su karanta abin da dokokinsa suka yi wa baƙar fata, su ga ko za su sake. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan tarihin Masarautar Benin fiye da 1,000. Gidajen tarihinsu suna kuma ajiye da riguna da layu da takardun ajami daga ƙasar Hausa, kuma rajistar da ta nuna yadda kowanne ya isa can da Jamusanci take. Wa za mu aika ya karanta?

Gargaɗinmu ɗaya ne ga duk jami'ar da ta amsa wannan kira. Idan za a yi shi irin kwasa-kwasan gama-gari da muka sani, ɗalibi dubu a zaure ɗaya, malami da lasifikar da ba ta aiki, a sayi takardar darasi a haddace daren jarrabawa a manta da safe, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Harshe da baki ake koyon sa. Aji kada ya wuce mutum talatin, a haɗu sau uku a mako, jarrabawa ta ƙunshi magana da sauraro, a kuma auna ƙarshen zango na biyu da matakin A1 da duniya ta sani, yadda ɗalibi zai iya gabatar da kansa, ya yi ciniki, ya cika fom, ya karanta gajeriyar wasiƙa. Malamai ba su gagara ba. Ibadan da Ife da Nsukka suna yaye ɗalibai, ana iya neman a turo su bautar ƙasa, a haɗa kowanne da malamin Hausa. Hukumar musayar ilimi ta Jamus, DAAD, tana tura malaman harshe jami'o'in ƙasashen waje, amma sai jami'a ta nema. Deutsche Welle tana da darussa kyauta a intanet, irin Nicos Weg, waɗanda waya ke buɗewa. Littafin koyarwa mai bayani da Hausa kuwa aikinmu ne mu rubuta, da misalan kifi da albasa da jirgin ruwa, mu kuma masu manhaja mu sa shi a waya yadda zai yi aiki ko babu data.

Muna da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, da ta jiha a Aliero, da ta aikin gona a Zuru, ga kwalejin share fagen shiga jami'a a nan Yelwa. Masarautar da Sarkinta ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba ta rasa wanda zai ɗaga waya ya yi magana a saurara. Aji ɗaya, malami ɗaya, ɗalibai talatin, shi ne abin da muke roƙo a fara da shi. Cikin talatin ɗin nan wataƙila biyar ne za su zarce. Ɗaya ya zama injiniya, ɗaya ma'aikaciyar jinya, ɗaya kuma wata rana ya zauna a ɗakin karatu a Berlin, a ɗauko masa takardun Imam Umaru, ya karanta ajamin malamin ya kuma karanta abin da Bajamushe ya rubuta a gefe, ya dawo ya gaya mana inda aka fahimce mu da inda aka yi mana ƙage. Allah Ya nuna mana wannan rana.